Ɗan Hausa da Gidansa na Nassarawa

Duk sa'ad da na ratsa Nassarawa a Kano na hangi ginin ƙasar nan da ake kira Gidan Ɗan Hausa, sai in tuna cewa mai gidan ne ya tsara ƙa'idar baƙaƙen da nake rubuta wannan shafi da su.

Hanns Vischer ba ma ɗan Ingila ba ne a asali. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Aikin mishan ya fara kawo shi ƙasar nan, amma bai daɗe ba ya ajiye, ya shiga aikin mulkin Turawa a Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Kukawa cikin ayarin alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida. Kamar jakin Kano yake Hausa, shi ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A 1909, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, nan Nassarawa inda gidan yake. Ya ware ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, kuma tsohon ɗan mishan ɗin bai shigo da wa'azin Kirista aji ba, domin ya san da ya kuskura, babu uban da zai ba shi ɗa.

A nan dai na yaba masa. Inda nake da ja shi ne zaɓen boko a kan ajami. Ya tarar da al'umma mai alƙalami da tawada, alƙalai na rubuta hukunci, fatake na aika wasiƙa har Gwanja. Da ofis ya koma boko, sai sannu a hankali malamin da ya sauke littattafai ya zama wanda ba a lissafa shi cikin masu ilimi. Har yau ɗan tsangaya na biyan wannan bashi, mu kuwa 'yan boko mu ne muka ci ribar.

Yaƙin Duniya na Farko ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a Afirka, ya rasu a Ingila a 1945. Gidan nasa kuwa an mai da shi gidan tarihi.