Labuwaziye, mutumin da ya ɗora iska bisa mizani

Duk wanda ya taɓa riƙon littafin kuɗin jama'a, ko ma'ajin ƙungiyar manoma ne ko ma'aikacin baitulmali, ya san wata doka wadda ba ta da makawa: abin da ya shigo, tilas a same shi cikin abin da ya fita da abin da ya rage. In dala guda ta ɓace, to akwai inda ta maƙale, sai an nemo ta. Wani Bafaranshe mai suna Antuwan Labuwaziye, wanda ake rubuta sunansa Lavoisier da Faransanci, shi ya ɗauki wannan doka ta masu lissafin kuɗi ya kai ta ga wuta da ruwa da iska, har ya kafa tushen ilimin sinadarai na zamani, wanda ƴan lakkol ke kira shimi. Lissafi ne ya ɗaukaka shi, kuma bisa zancen lissafin kuɗi aka sare masa kai.

An haife shi a birnin Paris ran 26 ga watan Agusta na shekara ta 1743, cikin gidan wadata. Mahaifinsa lauya ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar, sai kakarsa da ƙanwar mahaifiyarsa suka rene shi. Ya karanta shari'a don bin sawun ubansa, ya sami takardarsa cikin 1764, amma zuciyarsa tana wajen duwatsu da ruwaye da awon yanayi. Cikin 1766 aka ba shi lambar zinariya saboda wani rubutu da ya yi bisa hanyar haskaka titunan babban birni da dare, cikin 1768 kuwa aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, bai ko cika shekara 25 ba.

Cikin wannan shekara ce kuma ya yi cinikin da ya zama arzikinsa, ya zama ajalinsa. A wancan zamani sarkin Faransa ba ya karɓar wasu haraji da ma'aikatansa. Yakan yi jinga da wani kamfanin attajirai, su biya shi kuɗi tsararru bisa yarjejeniyar shekara shida shida, su kuma su bi jama'a su karɓi harajin gishiri da na taba da kuɗin duwan da na shigar da kaya birnin Paris. Abin da ya hau bisa kuɗin jingar, nasu ne. Labuwaziye ya sayi hannun jari cikin kamfanin, ya shiga rangadi yana binciken ɗakunan ajiyar taba da littattafan ƴan duwan. Cikin 1771 ya auri Mari-An Polz, ɗiyar wani babba na kamfanin, tana da shekara 13. Ita ce daga baya ta koyi Ingilishi tana fassara masa littattafai, ta koyi zane, ta zama mai rubuta sakamakon gwaje-gwajensa. Rana ta kamfani ce da aikin hukuma. Sassafe da dare, da yini guda cikin mako, su ne na bincike. Da ribar haraji ya sa maƙera suka ƙera masa mizanai waɗanda babu irinsu a lokacin.

Gwajinsa na fari mai suna ya nuna irin hankalinsa. Masana da yawa sun yarda cewa ruwa, in aka daɗe ana dafa shi, yana rikiɗa ya zama ƙasa, don suna ganin wani gari-gari na kwantawa gindin tulun. Labuwaziye bai yi gardama da baki ba. Ya auna tulun gilashi wofi, ya zuba tataccen ruwa ya sake aunawa, ya toshe shi, ya ɗora bisa wuta kwana 101, daga watan Oktoba na 1768 zuwa farkon Fabrairu na 1769. Gari ya fito, amma nauyin tulu da ruwa gaba ɗaya bai canza ba. Da ya juye ruwan ya auna tulun shi kaɗai, sai ya tarar ya ragu da ƙwaya 17 da ɗan kai. Ƙwaya wani ƙaramin awo ne na lokacin, wajen 19 ke yin garam guda. Garin da ya tara kuwa ya kai ƙwaya 20 da ɗan kai. Ashe ba ruwa ne ya zama ƙasa ba, gilashi ne ya zaizaye. Ƙwaya ukun da suka yi rara ma bai ɓoye su ba, ya rubuta su, ya danganta su ga sauran kwanonin da ya ƙafar da ruwan a ciki.

Daga nan ya juya ga wuta. Abin da ake koyarwa a lokacin shi ne wai duk abin da ke ƙonewa yana fitar da wani ɓoyayyen abu mai suna fulojistik, shi ya sa itace ke komawa ƴar toka. To, amma cikin 1772 ya ƙona farar wuta da fosfor ya ga nauyinsu ƙaruwa ya yi. Yaya za a ce an cire wani abu daga buhu, buhun kuma ya ƙara nauyi? Mai lissafi ba ya karɓar wannan. Cikin 1774 ya gasa kuza cikin kwalba rufaffa: muddin tana rufe nauyi bai motsa ba, da ya buɗe ta sai iska ta kutsa ciki, nauyi ya hau daidai da abin da ƙarfen ya ƙaru da shi. Wato bashin daga iska aka ɗauko shi.

Gwajin da ya yanke maganar shi ne na zaiba. Ya ɗumama zaiba kwana 12 cikin iska rufaffa mai awo 50. Wani jan gari ya taso bisa zaibar, iska ta ragu ta koma awo 42 ko 43, kuma abin da ya rage ba ya riƙe wutar kyandir, dabba ba ta rayuwa cikinsa. Ya kwashe jan garin, ƙwaya 45, ya gasa shi da wuta mai ƙarfi, sai ya sami zaiba ƙwaya 41 da rabi, da iska awo 7 zuwa 8, wato gwargwadon wadda ta ɓace da fari. Da ya mai da ita cikin ragowar, sai ga iskar duniya ta komo yadda take. Littafi ya rufu ta kowane gefe. Wannan iska mai raya wuta da numfashi ita ya raɗa wa suna oksijen. Sai dai gaskiya ba shi ya fara samo ta ba. Baturen Ingila Firistili ya riga shi, har ya ba shi labarinta da bakinsa a Paris cikin Oktoba na 1774, Labuwaziye kuwa bai yi masa godiyar da ta kamata ba cikin rubuce-rubucensa. Abin da ke nasa shi ne gane ma'anarta.

Tsakanin 1783 da 1785 ya haɗa ruwa daga iska biyu, ya kuma warware shi, ya ce cikin kashi 100 na nauyin ruwa 85 oksijen ne, 15 idrojen. Awon yau ya ba da 89 da 11. Cikin 1789 ya fitar da babban littafinsa na shimi, matarsa ta zana hotunan kayan aikin. A ciki akwai wani shafi da ya kamata kowane mai binciken littattafan kuɗi ya tsaya kansa. Ya jiƙa sukari awo 100 cikin ruwa awo 400 da yisti awo 10, jimla 510, ya bar su suka ruɓa. Sa'an nan ya jera abin da ya fito: ruwa wajen 409, barasa kusan 58, iska 35, ragowar sukari 4, tsami 2 da rabi, sauran yisti ya cike 510 cif. Jimla ta yi daidai, dokar ma gaskiya ce. Amma masanan da suka zo bayansa sun tarar lambobin ciki ba daidai suke ba: ya ce sinadarin gawayi kashi 28 ne cikin 100 na sukari, alhali 42 ne, iskar da ke fita kuma ta fi abin da ya rubuta. Kuskure ne ya rufe kuskure, ƙasan shafi ya fito sumul.

Duk wannan yana tafe da aikin hukuma. Cikin 1775 minista Turgo ya sa shi cikin shugabannin hukumar albarushi, ya gyara sana'ar har Faransa ta daina sayowa daga waje, ta kai ga aika wa Amurkawa lokacin yaƙinsu na neman ƴanci. Cikin 1778 ya sayi gona a Fereshin, kusa da garin Buluwa, yana rubuta iri da taki da ƙwadago da amfanin kowane fili. Amfanin gona ya ƙaru ƙwarai, amma littafin ya nuna masa abu mai ɗaci: ribar noma ba ta kai wadda mai kuɗi ke samu in ya ba da rance a birni ba, shi ya sa jari ke gudun karkara, manomi kuma haraji na cinye ɗan abin da zai gyara gonarsa da shi.

Wanda ya gano haka kuwa, shi ne mai karɓar haraji. Ya kwatanta yawan mutanen Paris da kayan da ake biya wa kuɗin shiga, ya ga lissafi bai hau ba, ya tabbata kaso mai yawa ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. Maganin da ya kawo shi ne a kewaye birnin da ganuwa. Aka fara ginin cikin 1784, tsawonsa ya zarce kilometir 20, da ƙofofin duwan masu ado kamar fadoji. A takarda dabara ce mai kyau. Ga talakan da ke sayen itace da nama da tsada kuwa, kurkuku ne aka gina masa da kuɗinsa, kuma mutane ba su manta sunan mai dabarar ba.

Da juyin juya hali ya tashi cikin 1789, Labuwaziye ya ba sabuwar hukuma hannu. Cikin 1791 aka naɗa shi cikin masu kula da baitulmali, majalisa kuma ta sa aka buga rahotonsa bisa arzikin ƙasar Faransa. Babu cikakkiyar ƙidayar jama'a a lokacin, sai ya bi ta bayan gida: ya ɗauki matsakaicin haihuwar da ake rubutawa a Paris kowace shekara, 19,769, ya ninka sau 30, ya sami mutum 593,070, ya ce a ɗauka 600,000. Ƙasa duka ya ƙiyasta ta miliyon 25, daga abin da mutum guda ke ci ya lissafo hatsin da ake nomawa, daga nan ya fitar da abin da ƙasa za ta iya biya na haraji ba tare da ta durƙushe ba. Ya kuma nemi a kafa ma'aikata ta musamman mai tara irin waɗannan lambobi. Yana cikin hukumar da ta shirya sabbin ma'aunai, kuma a farkon 1793 shi da wani masani suka auna nauyin ruwan da ya cika litar guda. Daga wannan aiki kilo ya samo asali, shi ne dai wanda ake awon gyaɗa da wake da shi a kasuwanni.

Amma tsohon bashi na nan. An rushe kamfanin haraji cikin Maris na 1791, ɗan jarida Mara, wanda Majalisar Masana ta taɓa ƙin wani bincikensa, yana ta zaginsa cikin jaridarsa. Cikin Agusta na 1793 aka rufe Majalisar Masana, cikin Nuwamba aka ba da umurnin kama dukan manyan kamfanin. Labuwaziye ya ɓuya kwana kaɗan, sa'an nan ya miƙa kansa. Masu bincike suka ce kamfanin ya ci wa ƙasa libir miliyon 130, kuɗin lokacin ke nan, kuma wai yana jiƙa taba da ruwa don ta ƙara nauyi. Shi da a dā yake ɗiga ruwan tsami bisa taba don kama dillalan da ke gauraya ta da toka, ya zauna cikin kurkuku ya rubuta amsa dalla-dalla, lamba bayan lamba, yana zaton da lissafi za a yi shari'ar. Kotun juyin juya hali ba ta da hurumin shari'ar kuɗi, sai aka mai da tuhumar ta zama haɗa baki da maƙiyan ƙasa. Ran 8 ga watan Mayu na 1794 aka yi shari'a, aka yanke hukunci, aka zartar, duk yini guda. Mutum 28 aka sare wa kai. Surukinsa shi ne na uku, shi na huɗu, yana da shekara 50.

Mari-An ta rasa uba da miji rana ɗaya, aka ƙwace dukiyarta, ita ma aka tsare ta wajen wata biyu. Daga baya aka mai da mata kayan aikin mijinta da takardunsa, ta tattara rubuce-rubucensa na ƙarshe ta rarraba wa masana, ta rayu har 1836. Binciken littattafan kamfanin kuwa bai ƙare ba sai cikin 1806, shekara 12 bayan kisan. Da aka rufe lissafi, sai aka tarar kamfanin ne ke bin gwamnati bashin wajen miliyon 8.