Abubakar Imam: Malamin da ya aza tubalin ƙagaggun labaran Hausa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, a zamanin da ƙagaggen labari a rubuce baƙon abu ne a ƙasar Hausa.

Daga nan Rupert East na hukumar talifi ya gayyato shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo hikayoyin Larabawa da Indiya da Turai, ya ɗinka musu rigar Hausa, ya sa su a bakin aku.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981, amma har gobe da Hausarsa ake auna alƙalamin sabbin marubuta.