Hutchinson, Masanin Rayuwar Tabki

An haifi George Evelyn Hutchinson ran 30 ga watan Janairu, 1903, a birnin Kambirij na ƙasar Ingila. Mahaifinsa malamin jami'a ne, masanin duwatsu da ma'adinai. Tun yana ƙarami ba abin da ya fi sha'awa kamar kamun ƙwarin ruwa a kududdufi. Yana ɗan shekara 15 aka buga rubutunsa na farko, a kan wata fara mai iyo.

Bayan ya gama karatu a Jami'ar Kambirij, a 1926 ya sami aikin koyarwa a wata jami'a ta Afirka ta Kudu. Bai daɗe ba aka dakatar da shi, wai bai iya koyarwa ba. Amma wani hani ga Allah baiwa ne. Sai ya shiga bin tabkunan ƙasar, irin waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani kamar namu, yana auna gishirin ruwansu, yana nazarin halittun da ke ciki. Daga nan ya kama hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1928 ya koma Jami'ar Yale ta Amurka, ya koyar a can har 1971. Kusa da jami'ar akwai wani ɗan tabki da ake kira Linsley, a nan ya yi yawancin bincikensa. Cikin shekarun 1940 ya zuba wa ruwan fosfaras mai alamar da na'ura ke iya ganowa, watau sinadarin nan da ke cikin takin zamani, ya bi sawunsa. Ya ga gansakuka na zuƙe shi da sauri, in ta mutu ya gangara cikin laka, daga baya wani sashe ya komo ruwa. Ashe tabki kamar jiki guda yake: ruwa da laka da ciyayi da ƙwari da kifi, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa.

Almajiransa sun nuna amfanin wannan ilimi. Ɗaya daga cikinsu, Edmondson, ya gargaɗi mutanen birnin Seattle cewa fosfaras ɗin da ke cikin ƙazantar gari shi ke sa gansakuka ta rufe Tabkin Washington. Tsakanin 1963 da 1968 aka karkatar da magudanan, ruwan kuwa ya sake yin garai-garai.

Hutchinson ya tattara iliminsa cikin wani babban littafi mai juzu'i 4. Na farko ya fito a 1957, na ƙarshe a 1993, bayan ya rasu a Landan ran 17 ga watan Mayu, 1991.

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, wannan tarihi ya shafe mu a Jigawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, manoma da masunta sun ji a jikinsu. Haka nan duk takin da ya zarce ƙima a gona, da sharar da muka watsar, ruwan sama zai kwashe su zuwa tabki ko madatsa irin ta Warwade da ke kusa da Dutse. Saboda haka muna bukatar masanan ruwa daga cikinmu, masu haƙurin awo irin na Hutchinson. Allah ya sa a samu a makarantarmu, amin.