Fada Tansi: Bawan Allah Mai Haƙuri

An haifi Michael Iwene Tansi a garin Aguleri, cikin Jihar Anambra ta yau, a shekarar 1903. Ya yi aikin koyarwa kafin a naɗa shi fada a Anacha a 1937. Daga nan ya yi shekara 13 yana zaga ƙauyuka yana wa'azi, yana kuma keɓe lokaci mai tsawo domin addu'a.

A wurinsa, addu'a ita ce mutum ya miƙa wuya ga nufin Allah, ko da ya saɓa wa son ransa. A 1950 ya tafi Ingila ya shiga gidan zuhudu, da fatan wata rana za a kafa irinsa a Nijeriya. Ya jure sanyi da aikin ƙarfi da kewar gida. Amma da lokaci ya yi, sai aka kafa sabon gidan a Kamaru, kuma rashin lafiya ya hana shi zuwa. Ya rungumi wannan da haƙuri, ya ci gaba da addu'arsa.

Ya rasu a Ingila ranar 20 ga Janairu, 1964. A 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya ya bayyana shi cikin masu albarka.