Rowland Bingham, Wanda Ya Dogara Ga Allah

Ɗan'uwa, ka san asibitin Danja a ƙasar Madarunfa? Mishan SIM ce ta kafa shi a 1956. Tushen mishan ɗin kuwa wani saurayi ne, Rowland Bingham, haifaffen Ingila a 1872. A 1893 ya sauka Ikko da abokai biyu, ba albashi, ba ƙungiyar da ta ɗauki nauyinsu. Abokan suka mutu a 1894, shi ma ya koma gida. Bai fasa ba. Ya dinga addu'a, masu bi suna ba da ɗan abin hannunsu, aikin yana yaɗuwa, har ya rasu a 1942.

Kai fa, geron da ke rumbunka na wane ne? Fid da rabon Ubangiji tun kaka. Shi zai ciyar da gidanka har damina.