Heinrich Barth (Abdulkarim), 1821–1865: Matafiyin da Ya Auna Hausa da Maƙwabtanta

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya shiga Jami'ar Berlin a 1839, ya sami digirin digirgir a 1844 da bincike kan cinikayyar tsohon birnin Korinti na Girka. A wannan zamani Franz Bopp yana koyarwa a jami'ar, yana kuma wallafa nahawunsa na kwatance wanda ya jera Sanskirit na tsohuwar Indiya da Girkanci da Latin da harshen Lituweniya, ya nuna tushensu guda ne. Wannan ilimi ne ya bayyana yadda harshen Sindhi na Pakistan da na Lituweniya a arewacin Turai suke 'yan'uwa duk da nisan da ke tsakaninsu: haƙori shi ne "ɗandu" a Sindhi, "dantis" a Lituweniya, ido kuwa "akh" da "akis". Sindhi na da baƙaƙen ɓ da ɗ kamar Hausa, amma babu dangantakar asali tsakaninsu. Wato kamannin sauti ko kalmar aro ba su isa hujja ba. Ana neman zumuncin harsuna ne a kalmomin yau da kullum da kuma ƙirar nahawu.

Bayan ya koyi Larabci, ya kuma zagaya ƙasashen gaɓar Bahar Rum daga 1845 zuwa 1847, sai Barth ya shiga ayarin da gwamnatin Ingila ta tura ƙarƙashin James Richardson, tare da wani Bajamushe, Adolf Overweg. Sun tashi daga Tarabulus a Maris 1850. Barth ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya fara koyon Hausa tun a hanyar Sahara, ya ziyarci Agadas, ya biyo ta Katsina, ya iso Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo.

Kano ta burge shi a matsayin birnin sana'a. Ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, ya bayyana saƙa da rini da jima da dukanci, ya nuna yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Waɗannan sana'o'i su ne magabatan masaƙu da majemun zamani da aka kafa daga baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Kasuwar da ta tara Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Larabawa ta zame masa makaranta, domin a nan ake jin harsuna da yawa suna cuɗanya a wuri guda.

Richardson ya rasu a 1851, Overweg ya bi shi a 1852, Barth ya ci gaba shi kaɗai. Ya zauna a Kukawa, ya kai Yola da Bagarmi, ya ratsa Sakkwato da Gwandu, inda ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan, ya shiga Tambutu a Satumba 1853 bisa kariyar Shehu Ahmad al-Bakka'i. Ya sake biyowa ta Kano a ƙarshen 1854, ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu da Abbega. Daga bakin Dorugu ne James Frederick Schön ya rubuta yawancin labaran da suka fito a Magana Hausa a 1885.

An fi sanin Barth da labarin tafiyarsa mai juzu'i biyar (1857–1858), amma ga masu nazarin harshe babban aikinsa shi ne tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka da aka buga a Gotha tsakanin 1862 da 1866. A ciki ya jera harsuna tara kafaɗa da kafaɗa: Hausa, Kanuri, Teda, Fulatanci, Songhai, Logone, Wandala, Bagarmi da Maba. Bai tsaya ga jerin kalmomi ba, ya duba wakilan suna da aikatau da lambobi, ya kuma lura da kusancin Kanuri da Teda, abin da binciken baya ya tabbatar. Kayan aikinsa ba su cika ba, domin bai rubuta karin sauti ba, wanda kan bambanta ma'anar kalmomi a Hausa, amma ya bar wa na baya abin dubawa.

Muhimmancin wannan aiki ya shafi tambayar asalin Hausa. Yawan kalmomin Larabci a cikinta ya sa wasu ke ɗaukarta 'yar Larabci, alhali waɗannan aro ne da addini da fatauci suka kawo. Rabe-raben Joseph Greenberg na 1963 ya sanya Hausa a reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, inda Larabci yake ɗan'uwa na nesa a wani reshe dabam. Biyu daga harsunan da Barth ya jera, Logone da Wandala, suna cikin wannan reshe na Cadi tare da Hausa.

A 1863 aka ba shi kujerar koyarwa a Jami'ar Berlin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, kafin kashin ƙarshe na littafin kalmomin ya fito.