Labarin William Smith, Baturen da Ya Tara Yara a Birnin Gilasgo

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, wannan labarin wani Bature ne Kirista, William Smith, wanda ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa ga tarbiyyar 'ya'yan mutane. Addininsa dabam ne da na Musulmi, amma wahalar da ya sha a hannun yara, duk mai makarantar allo ya san irinta.

An haife shi a garin Thurso, can arewacin ƙasar Sikotilan, ran 27 ga Oktoba, 1854. Yana ɗan shekara 13 ubansa ya mutu a ƙasar Sin. Sai kawunsa, wani attajiri mai sayar da tufafi a birnin Gilasgo, ya ɗauke shi riƙo, ya sa shi cikin cinikinsa. A 1874 ya shiga rundunar sojan sa-kai, watau mutanen da ke sana'arsu da rana, in an tashi aiki su tafi koyon fareti. Ya yi ta ci gaba har ya zama hafsa. Ran Lahadi kuwa ya kan tafi wata ƙaramar majami'a a unguwar ma'aikata, ya karantar da yara addininsu, ba da ko kwabo ba.

To, nan fa ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ran Asabar ya kan tsaya gaban manyan ƙarti, ya daka tsawa ɗaya, kowa ya ƙame. Gari ya waye Lahadi, sai 'yan yara ƙalilan su gagare shi, wannan na tsokanar wancan, wancan na hawan benci, har lokacin karatu ya ƙare wajen tsawatarwa. Abin da ya fi ba shi baƙin ciki shi ne, da yaro ya fara tasawa sai ya ga karatun na ƙanana ne, ya daina zuwa, ya koma gantali a titi.

Smith ya yi tunani, ya gane yaro mai tashen ƙarfi yana bukatar abin da zai yi da ƙarfin nan, yana kuma son a ɗauke shi mutum. Saboda haka ran 4 ga Oktoba, 1883, shi da abokansa biyu 'yan'uwan juna, James Hill da John Hill, suka kafa ƙungiyar da aka sa wa suna Boys' Brigade, watau rundunar yara maza, domin 'yan shekara 12 zuwa 17. Yara 59 suka ba da sunansu. Da ya shimfiɗa musu dokoki, a zo kan lokaci, a zo da tsabta, a bi umurni, sai waɗansu suka zame, aka bar 35. Bai sassauta ba, da waɗannan ya fara.

Tsarin kuwa ƙafa biyu gare shi, fareti a tsakiyar mako da karatun Littafinsu ran Lahadi. Kayan sawa bai wuce hula da ɗamara da 'yar jaka ba, a kan tufafin da yaro ya zo da su, don kada ɗan talaka ya kasa. Ya naɗa manyan yara su kula da ƙanana, kamar yadda malam ke sa gardi ya biya wa ƙolo. Alamarsu ita ce ƙarfen nan da ake jefawa cikin teku ya riƙe jirgi. A 1886 ya fita da su zango na farko a bakin teku, iyaye da yawa suna fargaba, aka komo da su lafiya.

Bai tsira daga suka ba. Waɗansu malaman addininsa suka ƙi jinin bindigogin itace da yaran ke riƙewa wajen fareti, suka ce ana cusa musu son yaƙi, har aka kafa wata ƙungiya dabam a 1899 wadda ba ta taɓa bindiga. Duk da haka rundunarsa ta yi ta bunƙasa, har a 1888 ya bar cinikinsa ya zama sakatarenta. Amma bai taɓa barin yaransa na farko ba, shi ne shugaban rukunin nan har ƙarshen ransa.

Shi ne kuma ya ƙarfafa wa Janar Baden-Powell gwiwa ya shirya wa yara littafin koyon dabarun daji, wanda ya fito a 1908, daga nan aka sami 'yan Sikawut. A shekarar nan kuma rundunar ta iso Ikko, daga baya ta bazu cikin majami'un Arewa. A 1909 Sarkin Ingila Edward na Bakwai ya ba shi girman Sir. Ciwo ya kama shi yana wurin taron ƙungiyar a Landan, ya mutu ran 10 ga Mayu, 1914, yana da shekara 59, aka binne shi a Gilasgo.

Abin lura a nan shi ne, mutumin nan bai ce yaran sun lalace ba, sai ya duba inda koyarwarsa ta gaza, ya gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an sami wanda zai bar ribar kasuwarsa ya tsaya a kai. Allah ya shirya mana zuriya, amin. Tamat.